Vinland Saga: Zango na Ɗaya, Zango na Biyu, Littafin Manga ko Tsoffin Labaran Aisland, Wanne Za Ka Ɗauka?

Wanda ya fara jin labarin Vinland Saga a bakin mutane yakan rikice. Wani zai ce masa fim ne na sara da suka, na mayaƙan Viking masu fasa garuruwa da gatari. Wani kuma ya ce sam, labarin noma ne da tuba, kuma da wuya a samu fim ɗin zane da ya kai shi sukar yaƙi. Babu wanda ya yi ƙarya a cikinsu, kowa ɓangaren da ya gani yake ba ka. Labarin yana da hanyoyin shiga guda huɗu: zango na ɗaya na anime (wato fim ɗin zane irin na Japan), zango na biyu, littafin zane na asali da ake kira manga, da kuma tsoffin labaran mutanen Aisland, wani tsibiri a arewacin Turai, da aka samo tushen abin daga gare su. Ba kowa ke da data da lokaci da kuɗin bin dukansu ba, don haka sai an zaɓa. Tun daga nan ina sanar da kai cewa zan taɓa wasu manyan abubuwan da suka faru a zanguna biyun, domin ba a iya maganar sauyin halin jarumin ba tare da su ba. Ƙarshen littafin kam zan bar maka shi a rufe.

Makoto Yukimura ne ya ƙirƙiri labarin. Ya fara fitar da shi a Japan a 2005 ƙarƙashin kamfanin Kodansha, bai kammala ba sai a watan Yulin 2025, bayan shekara 20. Labarin yana farawa wajajen shekarar 1002, lokacin da mutanen Denmak ke kai wa Ingila farmaki. Jarumin, Thorfinn, yaro ne ɗan shekara shida a Aisland. An kashe mahaifinsa Thors a gaban idonsa, sai ya bi rundunar wanda ya kashe shi, Askeladd, yana yi masa aikin kisa, ladansa kawai a ba shi damar fito-na-fito da shi. Vinland kuwa sunan da mutanen arewacin Turai suka ba wani yanki na gabar Amurka ta Arewa, ƙasa mai ni'ima da yaron ya ji labarinta a bakin matuƙin jirgi Leif Erikson.

Ma'aunan da zan yi amfani da su

Na farko shi ne sauyin hali: shin mutanen labarin suna canjawa a gabanka ta yadda za ka gaskata, ko kawai an ce maka sun canja? Na biyu, yadda ake nuna yaƙi: ana yi masa kwalliya ne, ko ana nuna abin da yake bari a baya? Waɗannan biyun su ne suka sa ake maganar Vinland Saga tun farko, kuma su zan fi daɗewa a kai. Sauran na aljihu ne da na yau da kullum: kuɗi da data, sauƙin bi ta fuskar harshe da lokaci, ɗorewa, wato ko abin zai zauna a hannunka har ka koma masa, sai kuma haɗari, wanda ya haɗa da yawan jini, abin da bai kamata yara su gani ba, maganganun da suka shafi addini, da yiwuwar ka gaji ka watsar a tsakiya.

Abu ɗaya ya shafi dukansu: babu fassarar Hausa ta hukuma. Dole ka ji Turanci ko Faransanci, ko wani harshen da aka fassara shi zuwa gare shi.

Zango na ɗaya, 2019

Kamfanin Wit Studio ne ya zana shi, Shuhei Yabuta ya ba da umarni, kashi 24 ne, aka nuna daga Yuli zuwa Disamba 2019. Shi ne ɓangaren da ya ja mutane, kuma ba a rasa dalili ba. Akwai faɗan gadar Landan, akwai Thorkell, ƙaton da yake jifan jiragen ruwa da gungumen itace yana dariya, akwai tseren rundunar Askeladd cikin dusar ƙanƙara da Yarima Canute na Denmak a hannunsu.

Ta fuskar sauyin hali, gaskiyar magana ita ce Thorfinn ba ya motsi a wannan zango. Shekara goma sha ɗaya yana cikin rundunar, fuska a murtuke, magana ɗaya a bakinsa. Masu kallo da yawa kan ji haushinsa, kuma da gangan aka yi shi haka. Masu canjawa su ne na gefensa. Canute ya fara a matsayin yarima mai tsoro wanda ko magana ba ya iya yi a bainar jama'a sai ta bakin mai renonsa Ragnar, ya ƙare a matsayin wanda yake kallon mahaifinsa Sarki Sweyn ido cikin ido. Askeladd kuwa shi ne gwanin zangon baki ɗaya. Mayaudari ne, makashi ne, amma a hankali kake gano cewa ɗan baiwa ce 'yar ƙasar Wales, kuma ya tsani mutanen da yake jagoranta fiye da yadda Thorfinn ya tsane shi. Idan kana son mugun da zai sa ka rasa yadda za ka yi da shi, ka samu.

Ta fuskar yaƙi, wannan zango yana da baki biyu. Faɗan yana da daɗin kallo, ba a ɓoye wannan ba, kuma mutum yana iya kallon kashi 24 ɗin ya tashi da sha'awar Thorkell kawai. Amma an dasa akasin hakan tun daga farko. Thors, wanda ya taɓa zama babban mayaƙin rundunar Jomsviking, ya gudu daga yaƙi ya koma ƙira da kiwo. A kashin farko an nuna shi ya ba da tumaki takwas don ya fanshi wani bawa da ya tsere, alhali kowa na ganin bawan ba zai kwana ba. Da aka yi masa kwanton ɓauna a tsibiran Faro, ya kayar da mutanen jirgi guda da hannu, bai kashe ko ɗaya ba, ya ci Askeladd a fito-na-fito, sannan ya yar da takobinsa saboda an ɗora wa ɗansa wuƙa a wuya. Abin da ya gaya wa yaron kafin su bar gida shi ne babu wani mahaluƙi da yake maƙiyinsa, kuma babu wanda ya halatta ya cutar. Yaron bai ji ba, zangon kuma duka labarin rashin jin nan ne.

Wurin da ya fi tsaya mini a rai ba fagen fama ba ne. A kashi na shida, wata tsohuwa Baturiyar Ingila ta tsinci Thorfinn da rauni a bakin rafi. Ta san ɗan Denmak ne, ta ɓoye shi daga sojoji, ta ba shi abinci, ta zauna tana taje masa gashi tana cire masa kwarkwata, don yana tuna mata da ɗanta da ya rasu. Da dare ya yi, yaron ya je bakin teku ya cinna wa bukkoki wuta, alamar da jiragen Askeladd ke jira. Ya ce mata ta gudu, amma ya riga ya kira su. Kallon da ta yi masa a cikin hayaƙin nan ya fi duk wani jawabi a kan yaƙi. Kashi na goma sha huɗu ma haka yake: ƙauye guda aka tara aka hallaka a tsakiyar hunturu saboda abincinsu, kuma ta idon wata yarinyar ƙauyen aka nuna abin.

Kuɗi da data: kowane kashi bai wuce minti 25 ba, zangon duka kusan awa goma ke nan. Netflix da kansu sun ce matsakaicin hoto yana cin kusan GB 0.7 a awa, don haka ka tanadi wajen GB 7, ko ƙasa da rabin haka idan ka rage ingancin hoton a waya. Ga kuma kuɗin wata na rajistar manhajar kallo. Jerin finafinan da ke kan irin waɗannan manhajoji ya bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka ka bincika sunan a ƙasarku kafin ka biya. Sauƙin bi kuwa babu kamarsa, kashi yana jan kashi. Ɗorewarsa ce mai rauni: ranar da kuɗin watanka ya ƙare, ko yarjejeniyar kamfanin ta ƙare, shi ke nan.

Haɗarinsa a fili yake. Jini ne da yanke gaɓoɓi, ba na zaman falo da yara ba ne duk da cewa zane ne. Wanda ya taɓa ganin harin dare a ƙauyensu ko ya rasa wani ta haka, kashi na shida da na sha huɗu za su iya tayar masa da abin da ya kwanta. Sannan akwai batun addini. Akwai wani limamin Kirista mashayi da ke doguwar muhawara a kan ma'anar ƙauna, kuma bayan mutuwar Ragnar, Canute yana furta kalaman bijire wa Ubangiji, yana cewa shi zai gina aljannarsa a doron ƙasa. Musulmi ko Kirista mai kallo gara ya san da wannan tun kafin ya iso wurin. Labarin bai tafa masa ba, zango na biyu yana nuna inda wannan girman kai ya kai shi, amma kalaman suna nan.

Zango na biyu, 2023

Kamfanin MAPPA ne ya karɓi zanen, amma mai ba da umarni bai canja ba, haka ma mai kiɗa Yutaka Yamada. Kashi 24 ne shi ma, daga Janairu zuwa Yuni 2023, aka sa shi a Netflix da Crunchyroll. Nan ne masu kallo suka rabu gida biyu, har wasu suka riƙa yi masa ba'a da cewa ya zama labarin gona.

Askeladd ya mutu, kuma ba a hannun Thorfinn ba. Abin da yaron ya rayu dominsa ya tafi. An sayar da shi bawa ga wani attajirin manomi mai suna Ketil a Denmak. A nan ya haɗu da Einar, wani Ba'ingile da mayaƙa suka kashe masa uwa da ƙanwa suka sayar da shi. Ketil ya nuna musu daji ya ce su sare shi, su shuka alkama, su fanshi kansu da kuɗin amfanin. Kashi bayan kashi, abin da kake kallo ke nan: sare itace, tumɓuke kututture, neman aron doki a wurin wani tsoho mai faɗa, Sverkel, wanda sai sun yi masa aikace-aikace yake ba su, da wulaƙancin barorin gidan da ke cinye musu rabin abincin rana.

A ma'aunin sauyin hali, wannan zango ya fi sauran ukun nesa ba kusa ba, kuma dalilin shi ne an ba abin lokaci. Thorfinn na farkon zangon gawa ce mai tafiya. Wani ɗan gadin gonar ya yi ta yankarsa da takobi don ya ga tsoro a idonsa, ko ƙiftawa bai yi ba, don bai ga abin da rai ya tsinana masa ba. Da dare yana ihu cikin barci. Ranar da Einar ya gane cewa abokin aikin nasa tsohon mayaƙi ne irin waɗanda suka rusa masa gida, har ya kai hannu wuyansa yana barci, sannan ya fasa. Ba a gyara tsakaninsu da jawabi ba, aikin gona ne ya gyara, mutum biyu suna jan igiya ɗaya. Da barori suka tattake musu alkamar da suka sha wahala a kanta, Thorfinn ya kai naushi, aka buge shi ya suma, ya yi mafarkin wani rami inda mayaƙa ke ta kashe juna ba ƙarshe, gawawwakin waɗanda ya kashe kuma suna rataye a jikinsa, bai ma san sunayensu ba. Daga nan ya ɗauki alkawarin ba zai ƙara cutar da kowa ba.

Da a nan aka tsaya, da sai in ce wa'azi ne mai sauƙi. Abin da ya ɗaga zangon shi ne an gwada alkawarin har ya tsage. Arnheid baiwa ce a gidan Ketil, mijinta Gardar ya tafi yaƙin neman arziki ya bar ta, ya dawo ya tarar babu gida babu ɗa, shi ma ya ƙare a bauta. Don ya taimake su tserewa, dole Thorfinn ya ɗaga hannu a kan Snake, shugaban masu gadi, wanda shi ma yana da hujjarsa tunda Gardar ya kashe masa mutane. Kuma duk da haka bai cece su ba. Ketil, mutumin da aka nuna yana tausayin yaran da suka saci gari, shi ne ya ɗauki sanda ya yi wa Arnheid dukan da ya zama ajalinta. Labarin yana nuna maka cewa ubangida mai kirki ma ubangida ne, ranar da ya tsorata a kan bawa zai huce.

Ta fuskar yaƙi, nan babu kwalliya ko kaɗan. Canute ya zama sarkin Ingila da Denmak, ya kawar da ɗan'uwansa Harald da guba, yana hira da fatalwar kan mahaifinsa. Yana buƙatar kuɗin ciyar da sojojin da ke riƙe masa Ingila, sai ya ƙulla wa Ketil sharri don ya ƙwace gonar. Yaƙin da aka yi a bakin teku ba yaƙi ba ne, ƙwararrun sojoji ne ke yanka manoman da bashi ya tilasta wa fitowa. Thorfinn kuma, don kawai a bar shi ya ga sarki, ya yarda wani ƙato ya yi masa naushi ɗari bai rama ba. Da ya isa gaban Canute da kumburarriyar fuska, sarki ya tambaye shi abin da zai yi idan aka ƙi janyewa, amsarsa ita ce zai gudu, ya je ya nemi wurin da waɗanda mulkin sarki bai da gurbi dominsu za su zauna. Ana iya cewa yadda Canute ya sauko ya yi sauƙi da yawa, ni ma ina ganin haka. Amma mai kallon da ya san wannan yaron tun yana yanka wuya a kan gadar Landan zai ji nauyin kowane naushi.

Wannan ne ya kawo tambayar da ake yawan yi: a tsallake zango na ɗaya a fara daga nan? Za ka fahimci labarin, domin Einar sabo ne kuma ta idonsa ake shiga. Sai dai za ka yi asarar rabin abin. Tuban wanda ba ka ga laifinsa ba ba ya girgiza zuciya. Gawawwakin da ke cikin mafarkin nan, wanda ya kalli zango na ɗaya ya san wasunsu, har da tsohuwar mai mataji.

Kuɗi da data daidai suke da na farko. Jinin ya ragu amma ciwon ya ƙaru, musamman abin da ya shafi dukan mace mai juna biyu. Babban haɗarinsa gajiya ce: wanda ya zo neman faɗa zai iya ajiyewa kafin kashi na takwas. A ɗorewa kuwa, shi ne wanda ya fi cancantar a sake kallo bayan shekaru.

Littafin manga

Zanguna biyun sun tsaya ne a wajajen babi na 100, littafin kuma ya kai babi 220 a juzu'i 29 na Japan. Wato fiye da rabin labarin ba ya cikin abin da aka nuna a zangunan nan. Littafin ya ci babbar kyautar bikin fasahar watsa labarai na Japan a 2009, da kyautar Kodansha a 2012.

Abin da yake ƙarawa a sauyin hali shi ne hisabi. A gonar Ketil, waɗanda Thorfinn ya kashe mafarki ne. A littafin, ɗaya daga cikin waɗanda ya mayar marayu ta bayyana da ranta: Hild, mafarauciya mai baka mai kunama irin ta bindiga, wadda ya kashe wa uba tun yana yaro. Ba ta yafe ba, ta dai bi shi da bakanta a ɗane, da sharaɗin ranar da ya sake kisa ita ma za ta harbe shi. Ga kuma Gudrid, wadda ta gudu daga auren da ba ta so don tana son zama matuƙiyar jirgi. Sannan rikicin gadon shugabancin Jomsviking ya jawo shi tsakiyar yaƙi a tekun Baltik yana ƙoƙarin fita ba tare da ya kashe kowa ba.

Ɓangaren ƙarshe, inda suka isa Vinland, shi ne jarrabawa mafi tsanani ga ra'ayin ƙin yaƙi. Thorfinn ya kafa doka cewa ba a zuwa da takobi. Amma ƙasar tana da masu ita, kuma a cikin mutanensa akwai waɗanda ke tambayar abin da kowane mai hankali zai tambaya: idan aka kawo mana hari fa? Marubucin bai mayar da masu wannan tambaya wawaye ba, ya ba su hujja mai ƙarfi, ya ba 'yan ƙasar ma tasu. Wanda yake ganin zango na biyu ya sauƙaƙa wa Thorfinn, a nan zai ga an tsananta masa.

Kuɗi ne matsalar. Bugun Turanci mai kauri yana haɗa juzu'i biyu a littafi ɗaya, kowanne a kan dala 20 ko sama da haka, jimilla kusan littattafai 15. Kana maganar wajen dala 300 kafin kuɗin aikowa, kuma ba abin da za ka shiga kantin littattafai a Kano ko Maraɗi ka ɗauko ba ne. Na karantawa a waya ya fi araha kuma ba ya cin data sosai, sai dai zanen Yukimura mai yawan ƙananan bayanai ne, ƙaramin allo yana cutarsa. Shafukan da ke ba da shi kyauta na sata ne, fassararsu ta kan yi rauni, tallace-tallacensu kuma na iya jefa wa waya cuta. Ana karanta shi daga dama zuwa hagu, abin da ba zai ba wanda ya saba da allo da ajami wahala ba. Farkonsa ya ɗan bambanta da anime: yana buɗewa da Thorfinn matashi a wani yaƙi a ƙasar Faransa, sannan ya koma baya. A ɗorewa babu mai kama shi, littafi ne, yana nan ko babu wuta ko babu intanet.

Tsoffin labaran Aisland

Guda biyu ne, labarin mutanen Girinland da labarin Erik Ja, an rubuta su a ƙarni na 13, kusan shekara 200 bayan faruwar abin. Gajeru ne, ana gamawa a yini ɗaya, kuma tsoffin fassarorinsu na Turanci suna intanet kyauta ba tare da an saci haƙƙin kowa ba.

Thorfinn na cikinsu, wanda ake wa laƙabi da Karlsefni, attajirin ɗan kasuwa ne. Ba a ce ya yi bauta ko ya yi yaƙi a Ingila ba, wannan duk ƙirƙirar Yukimura ce. Ya auri Gudrid, suka tafi Vinland wajajen 1010, aka haifa musu ɗa Snorri a can. Sun yi cinikin fatu da 'yan ƙasar, suna ba su madara da jan ƙyalle, kuma Karlsefni ya hana mutanensa sayar musu da makamai. Daga baya faɗa ya ɓarke, suka tattara suka dawo, don sun ga ƙasar tana da kyau amma ba za su taɓa kwana da ido biyu rufe ba. Cewa mutanen arewacin Turai sun isa can ba tatsuniya ba ce: a 1960 Helge Ingstad da matarsa Anne Stine suka gano kufansu a L'Anse aux Meadows da ke Kanada, kuma binciken da aka wallafa a 2021 ya nuna an sare wasu itatuwan wurin a shekarar 1021.

Sauyin hali kam kada ka nema a nan. Salon labaran busasshe ne, wane ya tafi, wane ya kashe wane, ba a shiga zuciyar kowa. Ba sa yabon yaƙi, ba sa sukarsa.

| Ma'auni | Zango na 1 | Zango na 2 | Manga | Tsoffin labarai |
|---|---|---|---|---|
| Sauyin hali | Na Canute da Askeladd | Na Thorfinn, mai zurfi | Cikakke har ƙarshe | Kusan babu |
| Sukar yaƙi | A ɓoye cikin faɗa | A fili | A fili, da gwaji mai tsanani | Babu hukunci |
| Kuɗi | Kuɗin wata da kusan GB 7 | Kuɗin wata da kusan GB 7 | Wajen dala 300 a takarda | Kyauta |
| Lokaci | Kusan awa 10 | Kusan awa 10 | Makonni | Yini ɗaya |
| Sauƙi | Mai jan hankali | Sai da haƙuri | Sai mai son karatu | Tsohon salo, sunaye da yawa |
| Ɗorewa | Sai da rajista | Sai da rajista | Naka ne | Naka ne |
| Haɗari | Jini, kalaman addini | Gajiya, cin zarafin mace | Tsada, shafukan sata | Gundura |

Wa ya dace da wanne

Idan abin da ya kawo ka shi ne ganin yadda makashi ke zama mai ƙin kisa, kuɗin wata ɗaya da GB 14 sun ishe ka: zango na ɗaya, sannan na biyu, a jere, ba tsallake. Wannan ne zaɓin da zan ba mafi yawan mutane. Ka sauke kashi-kashi lokacin da data ke araha da dare, ka kalla a nutse.

Idan datarka ba ta kai ta zanguna biyu ba, kuma sukar yaƙin ce ta dame ka, ka kalli kashi huɗu na farkon zango na ɗaya don ka san Thors, ka ƙara da na shida da na ƙarshe, sannan ka wuce zango na biyu. Za ka rasa Askeladd, kuma rashi ne babba, amma za ka riƙe zaren.

Mai neman faɗa da dabarun yaƙi da makircin fada, zango na ɗaya kaɗai ya wadatar, yana da ƙarshen da ya tsaya da ƙafarsa. Wanda jini ke tayar wa hankali ko yake da tabon hari a ransa, ya fara da na biyu, ko ya bar abin gaba ɗaya.

Wanda ya gama zanguna biyun yana ganin an yi wa Thorfinn sassauci, manga ce tasa, kuma ba sai ya sayi duka ba: ya fara daga littafi na takwas na bugun Turanci, inda labarin yake ɗorawa daga wurin da zango na biyu ya tsaya. Ɗalibin tarihi, ko malamin da ke son nuna wa 'yan aji bambancin abin da aka rubuta da abin da aka ƙirƙira, ya ɗauki tsoffin labaran tukuna, ya riƙe a ransa cewa Sarki Sweyn na gaskiya ya mutu ne a Gainsborough a watan Fabrairun 1014, ba a York a hannun Askeladd ba kamar yadda Vinland Saga ya nuna, Canute kuma ya hau gadon Ingila a 1016. Iyayen da ke nema wa yara ƙanana abin kallo su nemi wani daban, mujallar da ta ɗauki labarin tun ƙarshen 2005 ta manya ce.